Wace sintesaiza ce ta dace da mai koyo?

Ɗan Ƙofar Marusa:
Assalamu alaikum. Shekara uku ke nan ina buga fiyano a wani ɗan situdiyo nan Katsina, yawanci waƙoƙin biki. Yamaha PSR muke aiki da ita, sai manhajar haɗa kiɗa ta FL Studio. Abin da ke ci min rai, duk kiɗan da na haɗa sai in ji irinsa a wayar mai shayin bakin layinmu, don sautin da kamfani ya zuba shi kowa ke ɗauka. So nake in koyi ƙera sauti da hannuna tun daga tushe. Na ɗan tara wani abu daga ayyukan bayan sallah, hankalina ya rabu tsakanin sintesaiza biyu, wato na'urorin ƙera sauti, Korg Minilogue da Arturia MicroFreak. Wuta kuma a unguwarmu sai a hankali. Don Allah a ba ni shawara.

Malam Injiniya:
Wa alaikumus salam ƙanena. In koyo kake so, ɗauki Minilogue. Tun 2016 ta fito, murya huɗu take fitarwa lokaci guda, kuma kusan kowane aiki da abin murɗawarsa a fili, ba sai ka yi ta laluben menu ba. Tana da ɗan gilashi mai nuna siffar sautin. Ranar da na fara murɗa filta, wato matatar sauti, ina kallon gilashin nan, na ga haƙoran zarto suna lanƙwashewa har suka koma kamar tudun yashi, sautin kuma ya tashi daga tsinin algaita ya koma taushin sarewa, ranar na gane abin da na yi wata biyu ina karantawa. Sai dai ba ta cin batir. Ƙanwarta Monologue na aiki da batir AA guda 6, murya ɗaya gare ta, amma kana iya gyara saitin kowane maɓalli ya bi muryar goge ko kukuma.

Yar Daura:
Yaya, ni da za ka ji tawa, riƙe kuɗinka tukuna. Sauke manhajar sintesaiza ta Vital a kwamfutar situdiyonku, kyauta ce, Matt Tytel ya fitar da ita a 2020. Ko sintesaizar 3xOsc da ke cikin FL Studio ɗinka ma ta isa farawa. Gwada wannan: ɗauki sauti mafi santsi, ka sa ya mutu da wuri, sannan ka sa muryarsa ta ɗan haura bayan bugu, kamar an matse kalangu a hammata. In ya fito, to kunnenka ya san abin da zai saya.

Mai Gyaran Amfilifaya:
MicroFreak na tashi da fawa banki ta USB, wannan ya raba ka da zancen wuta. Amma maɓallanta ba sa nutsewa, faranti ne kawai kake taɓawa, mai hannun fiyano zai ji banbaraƙwai. In ta hannu za ka saya, tafi da iyafis ka murɗa komai ɗaya bayan ɗaya. Na taɓa sayen wata ban gwada ba, ashe abubuwan murɗawa biyu suna ƙarar ƙas-ƙas. Kuma ka ɗinka mata riga kafin hunturu, ƙurar Katsina ba ta raga wa na'ura.

Ɗan Ƙofar Marusa:
Allah ya saka da alheri. Ƙanwata, na zauna da Vital jiya har ƙarfe biyu na dare. Kalangun bai gama fitowa ba, ya fi kama da kotso, amma maigidana ya leƙo yana tambayar wa ke kiɗa a ciki. Malam, Monologue ɗin nan tana da gilashin ita ma?

Malam Injiniya:
Tana da shi. Ka biyo ta shago ranar Asabar bayan la'asar, ka taɓa tawa.