Shugaban makarantar da malamai ba sa tsoronsa, anya zai iya riƙe aiki?

Malam Garba: Assalamu alaikum. Jiya mun yi gardama a ɗakin malamai har aka kaɗa ƙararrawa ba mu ƙare ba, shi ya sa na kawo ta nan. Ni dai na ce duk shugaban da malamai ba sa shakkarsa, makarantarsa ta mutu, jana'iza kawai ta rage. Wannan lallaɓa malamai da ake koya wa shugabanni a wajen bita ita ke kashe aiki. Hedimastana na farko, ƙarfe 7:45 yake jan layi da jar biro a littafin sa hannu. Ka zo ƙasan layin, sai takardar tuhuma. Kuma komai ya tafi daidai.

Malama Talatu: Wa alaikumus salam. Malam, makarantar ce ta tafi daidai ko littafin? Na yi aiki da irinsa a wata firamare nan cikin Jos. Kowa zai zo da wuri ya sa hannu, sai mu zagaya bayan aji muna shan hantsi saboda sanyin Disamba, yara na ta tsalle a kan benci. Da an hango shi kowa ya ruga ya ɗauki alli. Sa hannu ya samu, darasi kam Allah ya kyauta.

Malam Garba: To ai laifinku ne. Wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

Malam Ɗanjuma: In an ba shi ladan ba! Mu nan Abuja malaman firamare sun yi fiye da wata 3 suna yajin aiki a 2025, a kan mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka sa wa hannu tun Yulin 2024, ƙananan hukumomi ba su aiwatar ba. Malamin da ya dawo aji da bashin mai shago a wuyansa, da wace takardar tuhuma za ka tsorata shi?

Malam Garba: Albashi ba a hannun hedimasta yake ba, kada mu cakuɗa magana.

Malam Ɗanjuma: Shi ya sa ma. Ba shi ke biya ba, ba shi ke kora ba, ƙarin girma sai an je SUBEB, hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha. To tsoron me ya rage masa in ba tsawa ba?

Hajiya Rabi: Ni fa ina bayan Malam Garba a abu ɗaya. Shugaba mai sanyin hali, masu ƙwazo yake zalunta. Malalaci ya yi fashin Litinin, a ce ayya yaronsa ba lafiya, a tura ki ki riƙe masa aji. Mako mai zuwa ma haka. A ƙarshen zango ke da shi duk "sannunku da ƙoƙari". Wa zai ci gaba da kashe kansa?

Malama Talatu: Wannan kam gaskiya ce Hajiya, na sha ta. Amma wannan ba tallafa wa malami ba ne, gudun ɓacin rai ne.

Baba Hedimasta: Ina ta karanta ku. Ku bari tsoho ya sa baki, tunda na ajiye alli kafin dokar 2022 da ta kai ritayar malamai shekara 65, ba ni da abin da zan rasa. Garba, ɗana, jan layin nan ni ma na ja. Amma bari in ba ka labarin wata yarinya da aka turo mini, sabuwar gama NCE, wato karatun shaidar malanta. Tsarin ilimi na ƙasa cewa ya yi yara 35 ga malami ɗaya a firamare, ita kuwa 80 da ɗoriya ta tarar a aji 3. Mako biyu ana kawo mini ƙara ajinta ya fi kasuwar Terminus ta Jos hayaniya. Da sai in rubuta mata takarda in huta. Sai na ɗauki kujera na zauna can baya. Minti 20 tana rubutu a allo, ta ba yara ƙeya, ba ta juyo ba ko sau ɗaya. Ba lalaci ba ne, tsoron idon yaran take. Ban ce uffan a gabansu ba. Bayan an tashi na kira ta ofis, na yaba rubutunta da yadda ta tsara darasinta, na ce abu ɗaya nake so gobe: ki rubuta layi biyu, ki juyo ki kira yaro da sunansa ki yi masa tambaya. Na rage wa wata tsohuwar malama darasi biyu don ta riƙa shiga ajin tare da ita. Kafin zango ya ƙare, ita nake tura baƙi ajinta.

Malam Garba: Ranka ya daɗe, wannan mai son aiki ce. Wanda ba ya so fa?

Baba Hedimasta: Na gamu da shi. Na kira shi mu biyu, na sake kira gaban mataimakina, na uku na rubuta, na kai wa sakataren ilimi da kwanan wata da komai. Babu malamin da ya ce na yi zalunci, don sun san ranar da wani uba ya shigo aji da zagi saboda an hukunta ɗansa, ni na tare shi a ƙofa na ce malam, ofishina ake kawo ƙara. Malamin da ya hukunta yaron ya yi kuskure kuwa, na kuma faɗa masa, amma bayan na rufe ƙofa.

Hajiya Rabi: Baba, da haka ake yi da ban yi ƙorafi ba. Na yanzu ba sa shiga aji sai an ce masu duba makarantu na hanya. Littafin shirin darasi ma sa hannu kawai suke yi, ko girke-girke ka rubuta ba mai karantawa.

Malam Garba: To ai Baba ya dawo kan maganata. Malamai na shakkarsa.

Malama Talatu: Kunyarsa suke ji, Malam. Wanda kake tsoro, da ya ba da baya shi ke nan.

Malam Garba: Ku kira shi yadda kuke so, ni ban sauka ba. Baba, wancan da ka kai wa sakatare, me aka yi masa?

Baba Hedimasta: Yana da ubangida a ƙaramar hukuma. Aka mayar da shi wata makaranta kusa da gidansa.

Malam Garba: Kun ji ko!

Malam Ɗanjuma: Mun ji. Amma hedimastanka mai jar biro, shi da ya iya korarsa ne?