Yaro mai sikila ɗan shekara 4: a fara masa hydroxyurea ko a jira?

Uwar yara uku: Assalamu alaikum. Ɗana SS ne, shekararsa 4, nauyinsa kilo 14, an kwantar da shi sau 3 bana. Likita ya ce a fara masa hydroxyurea, maganin da ke rage tashin ciwon sikila, amma sai mun riƙa zuwa Kano gwajin jini duk wata, mu kuma muna ƙauye bayan Ɗambatta. Folik asid da Paludrine (na rigakafin zazzaɓin cizon sauro) yana sha. In fara, ko in bari ya ƙara girma?

Baban 'yan biyu: Wa alaikumus salam. Ki riƙa ba shi ruwa da yawa, da folik asid kullum, ki rufe shi da sanyi. Allah ya ba shi lafiya.

Nas ɗin yara: Malam, ai ta ce yana sha. 'Yar'uwa, kwanciya uku a shekara ba abin jira ba ne. Ana lissafa maganin da nauyi, yawanci miligiram 15 zuwa 20 kan kowane kilo a rana, wato naki bai wuce 280 ba, likita zai daidaita shi da kafso mai 100. Kada mai kemis ya ba ki mai 500 ya ce ki buɗe ki raba da ido. Gwajin jinin kuwa don a duba fararen ƙwayoyin jini ne, maganin na iya rage su. Kuma ba ya nuna aikinsa nan take, sai wata 3 zuwa 6. Nan mutane ke yar da shi su ce bai yi ba. Ban ga kin ambaci penisilin V ba, maganin da ke kare shi daga ƙwayoyin cuta. Daga shekara 3 zuwa 5, miligiram 250 ne safe da yamma.

Malamin firamare: An yi masa TCD? Na'ura ce ake ɗora wa yaro a gefen kai don auna gudun jini a jijiyoyin ƙwaƙwalwa, daga shekara 2 zuwa 16, sau ɗaya a shekara. In gudun jini ya kai santimita 200 a daƙiƙa, yana cikin haɗarin shanyewar ɓarin jiki. Ki tambaya a asibitin Murtala, ko Hasiya Bayero, ko na Malam Aminu Kano. Na ji an ce kyauta ne.

Mai kemis: Kyauta a ina? Ko an yafe wannan, gwajin jinin wata-wata dubu 6 ne.

Malamin firamare: Dubu 3 dai.

Mai kemis: Yaushe rabonka da lab, Malam?

Hajiya ta Kurna: Ku bar musun kuɗi. 'Yar maƙwabciyarmu, shekara 6, zazzaɓi ya kama ta da daddare, aka ce a jira safiya. Da safe leɓenta ya yi fari fat, ciki ya kumbura ta hagu. A wani asibiti aka ce babu jini, a kawo mai bayarwa, a sayo leda, a biya kuɗin tantancewa. Uban yana ta kiran 'yan'uwa a waya har la'asar. Takalminta na makaranta har yau yana ƙofar ɗakin, uwar ta hana a ɗauke. Ba wanda ya taɓa nuna mata yadda ake taɓa saifa. Ba wanda.

Nas ɗin yara: Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Saifa ce ta tara jinin. A kwantar da yaro rigingine, a danna a hankali ƙasan haƙarƙarin hagu, a san inda take tun yana lafiya. Zafi ya kai 38.5, asibiti a daren, ba farasitamol da jira ba.

Hajiya ta Kurna: Da wace mota, Anti? Ɗan likita ba ya jiran la'asar.

Baban 'yan biyu: Shi ya sa na ce ruwa da addu'a. Su nas-nas komai asibiti.

Mai kemis: Kai da ba ka karanta tambayar ba ne za ka yi wa nas gyara?

Ma'aikacin ƙaramar hukuma: Ki je asibitin shan magani mafi kusa ki tambayi rajistar BHCPF, asusun gwamnati na kula da lafiya a matakin farko, ta ƙarƙashin KSCHMA, hukumar taimakekeniyar lafiya ta jihar Kano. 'Yan ƙasa da shekara 5 suna cikin waɗanda aka ware wa, naki saura shekara ɗaya. Ki tafi da lambar NIN, ki kuma tambaya ƙarara ko hydroxyurea na cikin magungunan da ake bayarwa a wurin, kada ki ɗauka akwai shi.

Uwar yara uku: Na gode. To amma in na fara, wata ɗaya kuɗin mota ya gagara, in tsayar da maganin ko in ci gaba?

Ɗan sahu: Ni dai yanzu ba na tambayar budurwa sunanta sai na ji sakamakon gwajin sikilarta. AS ce? To sauka lafiya, ba sai kin biya ba.

Hajiya ta Kurna: Kana wasa, amma tun da Kano ta yi dokar gwaji kafin aure a 2024, akwai masu zuwa lab a rubuta musu AA ba a ko tsaga yatsa ba.

Mai kemis: Wasu ma ba sayen takarda suka yi ba, gwajin ne aka yi da tsofaffin sinadarai. A maimaita a wuri biyu, in da hali a yi HPLC, gwajin na'ura da ya fi tantance nau'in jinin. Wanda kuma aka ƙara wa jini cikin wata 3 sakamakonsa ba abin dogaro ba ne.

Malamin firamare: Liman kuwa takarda kawai yake gani. Wa ke duba lab ɗin?