Wai meye sirrin lambar nan 2,147,483,647?

Ɗan_Kurna:
Salamu alaikum 'yan uwa, don Allah masana lissafi a taimaka min. Akwai wani gem da nake bugawa a waya, ƙanina ya yi masa wani siddabaru kuɗin ciki suka haura 2,147,483,647 cif suka tsaya, jiya na ci wani mataki aka ƙara min, kawai sai na ga alamar debewa a gaba wai yanzu ni ake bi bashi. Me ya sa nan ta tsaya ba biliyan biyu daidai ba?

Injiniya_Sadau:
Wa alaikumus salam hhhh ƙanin naka ya cika maka kwano har ya kife. Ita kwamfuta ba goma-goma take ƙirga ba, biyu-biyu ne, 0 da 1. Tsofaffin manhajoji da yawa gurbi 32 suke ware wa lamba, ɗaya na nuna ko akwai alamar debewa, saura 31, to ka jera 2 guda 31 ka ninka su za ka samu 2,147,483,648, ka cire ɗaya shi ne iyakarta. Ka ƙara ko 1 ne sai ta juye ta koma -2,147,483,648, kamar mitar tsohuwar mota in ta cika ta dawo sifili.

Malam_Lissafi:
Injiniya ya faɗi na kwamfuta, amma lambar ta girmi kwamfuta nesa ba kusa ba. Firam ce, wato ba abin da ke raba ta ba saura sai 1 da ita kanta. Euler, mutumin Suwizalan, ya tabbatar da haka a 1772, da hannu fa, kuma lokacin idonsa ya kusa tafiya gaba ɗaya. Bai zauna gwada kowace lamba ba, ya san abin da zai raba ta ba sai an wuce 46,341 ana nema ba, kuma dole in an raba shi da 62 saura 1 ya rage, sai aikin ya ragu sosai. Irin su, wato ka jera 2 ka ninka su ka cire ɗaya, ake kira lambobin Mersenne, cikin waɗanda suke firam ita ce ta takwas. Kar wani ya ɗauka kullum dabarar firam take bayarwa, ku gwada da 2 guda 11, in an cire ɗaya 2047 ne kuma 23 sau 89 kenan, ɗalibaina duk shekara nan suke faɗawa.

Uwar_Biyu:
Malam ni abin da ya fi ɗaure min kai maganar 2038 ce. Na'urori masu tsohon tsari daƙiƙa suke ƙirgawa tun 1 ga Janairu 1970, za su kai wannan lambar ranar 19 ga Janairu 2038, ƙarfe 4:14 na asuba agogon Najeriya, wadda ba a gyara ba sai ta farka a Disamba 1901.

Ɗan_Kurna:
Ikon Allah, na gode ƙwarai. To yanzu bashin nawa fa, ba yadda za a yi?

Injiniya_Sadau:
Goge gem ɗin ka sake saukewa kawai, kuma ka daina ba yaron nan wayarka.