Jirgin leda na yara: wane iri ne ya tashi muku?

Uban yara, Runjin Sambo:
Assalamu alaikum jama'a. Hunturu ya kama iska na ta kaɗawa, yarona mai shekara 7 ya tasa ni gaba sai na samo mishi jirgin leda, wai ya gani hannun wasu yara bayan makarantarsu. Satin da ya wuce na shiga kasuwa na sayo mishi wani babba mai hoton mikiya, kyau kam ba magana, amma tunda muka fitar da shi bai taɓa wuce tsayin katanga ba, sai ya ɗaga ya yi juyi biyu ya soka kai ƙasa, kwana na biyu sandar tsakiya ta karye. Yaron ya yi kuka har ya ƙi cin tuwo, abin ya taɓa ni wallahi. Don Allah duk wanda ya taɓa saya ko ya haɗa wa yaransa ya faɗa mana yadda ya yi.

Tela, Tudun Wada:
Wa alaikumus salam Malam. Ni ban taɓa sayen wanga abu ba, da hannunmu munka haɗa shi tun muna ƙanana kuma haka nika yi ma ɗiyana har gobe. Tsinken tsintsiyar kwakwa biyu za ka zaɓa, masu kauri ɗaya, guda ya tsaya miƙe guda ka gicciye shi ka ɗan lanƙwasa awa baka, kar ka sa shi tsaka cif, ka matso shi wajen kai. Sai leda marar nauyi, irin wadda aka zuba kaya shago, ka yanka ta kusurwa huɗu ka ɗaure bakin kowane tsinke da zare. Kahin ka sa komi ɗora sandar tsaye bisa yatsanka, in gehe guda ya rinjaya to wallahi ba shi tashi, rage ledar wancan gehen.

Abin da mutane ba su kula da shi linzami ne, zaren nan da ka ɗaura sama da ƙasan sandar sannan ka ƙulla dogon zare jikinshi. In iska ta yi ƙarhi matsa ƙullin sama kaɗan, in ta yi sanyi sauko da shi. Sai wutsiya. Naka da ka ce shina juyi yana soka kai, ko dai wutsiya ta yi mai kaɗan ko babu ta dut. Mu da zaren tsohon kaset munka yi amfani, yanzu ƙyallen da ya rage min shago nika yankawa siri-siri, tsawon jirgin sau biyar ko shida. In kuma ka ga ya ƙi ɗagawa yana jan gindi ƙasa to ta yi nauyi, ka rage.

Malamar firamare, Arkilla:
Maganar tela gaskiya ce amma ba kowane uba ke da hannun haɗawa ba, ni na gwada sau uku ban dace ba sai na koma saye. Abin da na gani da yarana da na maƙwabta shi ne mai kusurwa uku ɗin nan da ake kira delta ya fi komai sauƙi ga ɗan koyo, faffaɗan fiffike gare shi, ƙaramar iska ma tana ɗaga shi, kuma akwai wani ɗan ƙyalle a cikinsa inda ake ƙulla zare to ba ruwanka da gyaran linzami. Masu siffar mikiya da jirgin yaƙi da kifi su ke jan idon yaro a kasuwa, yawancinsu kuma nauyi ne da su ko gefe ɗaya ya fi ɗaya.

In za ka saya ka sa mai kaya ya buɗe maka a gabanka. Taɓa jikin, in yadi ne irin na lema ya fi leda mai sheƙi ɗin nan da ke tsagewa daga faɗuwa ɗaya. Ɗan lanƙwasa sandar ka sake ta, ta faiba tana komawa daidai, ta roba mai arha sai ta yi fari a wurin ta karye. Girma kuma kar ya wuce buɗin hannun yaron, babba ja gare shi sosai, ɗiyata mai shekara 5 saki ta yi da iska ta fizga muna kallo ya tafi. Sannan don Allah kar a saya wa ƙaramin yaro mai zare biyu, wancan na manya ne masu wasan juya shi a sama, gudu gare shi kuma in ya faɗo da ƙarfi yake faɗowa. Akwai wani marar sanda gaba ɗaya, aljihu-aljihu ne iska ke hura shi, ƙanena ya aiko mana da shi daga Abuja, ba abin da zai karye ko ya tsone ido, ka naɗe ka sa a jaka, sai dai shi kam yana son iska mai ɗan ƙarfi kafin ya cika.

Mai aikin wayarin, Mabera:
Ni wurin da za a tashe shi ya fi damuna. Bara ɗan yayata jirginsa ya maƙale a wayar wuta ƙofar gida, na fito na tarar ya ɗauko rodi zai zaƙulo, Allah ne ya kawo ni a lokacin, har yau in na tuna jikina sanyi yake yi. Ku gaya wa yara in ya maƙale a waya to ya tafi kenan, a bar shi, za a yi wani. Kar a tashe shi cikin lungu ko saman bene, kuma da an ga hadari a naɗe zare, jiƙaƙƙen zare wuta na bin sa. A makaranta an karantar da mu gwajin Benjamin Franklin na Amurka a 1752, da jirgi irin wannan ya nuna cewa walƙiya lantarki ce, to ba abin wasa ba ne da damina. Masu zama wajen filin jirgin sama su ma su nisanta.

Ɗan kabu-kabu, Gawon Nama:
Ku ƙara da bakin titi. Wata rana ina tahe da fasinja wajen la'asar zare ya gitta min a wuya, ban gan shi ba sam, da ina gudu da labari ya sha bamban, sati guda ina da shaida a wuya. Yara ne sunka saki jirgi ya faɗi tsallaken hanya zaren na kwance a iska.

Ɗalibi, Dundaye:
Allah ya ƙara tsarewa Yaya. Na yi karatu a Indiya, a jihar Gujarat ranar 14 ga Janairu gari gaba ɗaya kan rufin gida yake ana tashin jirage, kuma suna shafa wa zare garin gilas don a tsinke na abokin hamayya, manja suke kiran sa. Yana yanka masu babur da tsuntsaye, har kotun kula da muhalli ta ƙasar ta hana irin wanda ake yi da nailan a 2017. Don haka in kun ga zare mai kaushi yana ƙyalli a cikin kwalin jirgi kar ku ba yaro. Zaren kamun kifi ma haka, ba a ganin sa kuma yana yanka yatsa.

Kaka, Ƙofar Marke:
Ɗana, jikokina zaren ɗinkin buhu nika ba su, in naɗe musu a gwangwanin madara, sai su riƙe gwangwanin ba zaren ba. Kuma ka dubi itace kahin ku hita, in ganyen dogon yaro na motsi ƙananan rassa na rausaya to lokaci ya yi, in itacen dut na girgiza ƙura ta tashi ku zauna gida, ba jirgi ba ko yaron tari za shi kwasa. Ranar da hazo ya yi yawa ba ni bari su hita. Bayan la'asar ya hi, a sa mishi rigar sanyi a shafa mai man kaɗe ga leɓe.

Malamar firamare, Arkilla:
Na manta abu ɗaya, ba sai an yi ta gudu ba. Yaro ya ba iska baya, kai ka ɗauki jirgin ka ja gaba kamar taku ashirin ka ɗaga shi sama, da iska ta zo ka saki shi kuma ya ɗan ja zaren. Kusa da gini ko bishiya iska a hargitse take, ina zargin shi ma ya taimaka wurin kayar da mikiyar nan.

Uban yara, Runjin Sambo:
Jama'a na gode Allah ya saka da alheri. Gaskiyar Malama ce, tsakar gida da lungu muka yi ta gwadawa. Jiya na bi bayanin tela muka haɗa ƙarami da tsinke da leda baƙa, yaron da kansa ya yanka wutsiya daga tsohon ɗankwalin mamansa. Muka hau mashin zuwa wani buɗaɗɗen wuri wajen fadama ta hanyar jami'a, ba waya ba titi kusa. Farko ya yi juyi sai na ƙara mishi wutsiya kamu biyu na matsa ƙullin sama kaɗan, sai ga shi ya miƙe yana hawa har zaren gwangwanin ya kusa ƙarewa. Yaron ya riƙe da hannu biyu yana ta kiran Baba duba, Baba duba, sai da aka kusa kiran magariba na lallaɓa shi muka naɗe. Ƙanwarsa ta ce ita ma sai an yi mata, ita zan nemo mata mai kusurwa ukun ranar Asabar in sha Allah.