Kakarmu ta rasu, me za mu yi mata wanda zai ɗore?

Jikar_Inna:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Allah ya yi wa kakarmu rasuwa, mahaifiyar babanmu, Inna muke ce mata duk gidan har surukanta. Dan Allah wanda ya karanta ya sa ta a addu'a.

Ita ta riƙe mu bayan rasuwar babanmu, ni da ƙannena, a wani ƙauye can wajen Bichi, kuma wallahi da ƙuli-ƙuli da man gyaɗa ta yi mana komai, littafi ne, yunifom ne, kuɗin jarrabawa ne. Tun asuba ƙamshin suyar gyaɗa ke tashin mu, a kai inji a markaɗo, ta zauna tana tuƙawa tana matsa har mai ya fito, tafin hannunta duk ya yi kanta, kuɗin kuma a bakin zani take ƙullewa sai ranar kasuwa ta zuba adashi. Ni kishiya take ce min, ƙanena kuma maigida, da ya shigo za ta ce maigida yau ma ba cefane? Shekarunta ma ba ta lissafa su da lamba, sai dai ta ce babanku na goye a bayana aka daina fam da sule aka koma naira, wato 1973 kenan.

To yanzu mu jikoki mun haɗa ɗan kuɗi, wasu sun ce a yi girki ranar arba'in a raba, wasu sun ce sam bidi'a ce, har an fara ɗaga murya a gurup ɗinmu na WhatsApp, abin da da tana raye ba wanda ya isa. Ni dai burina abin da ladansa zai riƙa isa gare ta kuma yaranmu su san wace ce ita. Ku da kuka rasa kakanni me kuka yi?

Abu_Fatima:
Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan Inna, ya sa ta huta, ya ba ku haƙuri. 'Yar uwa maganar arba'in malamai sun daɗe suna saɓani a kai, kada ku bari ta raba ku, ku koma kan abin da kowa ya yarda da shi. Hadisin Abu Huraira a Sahihu Muslim ya nuna in mutum ya mutu aikinsa ya yanke sai abu uku: sadaka mai gudana, ilimin da ake amfana da shi, da ɗa nagari mai yi masa addu'a. Sannan da mahaifiyar Sa'adu ɗan Ubada ta rasu ya tambayi Manzon Allah (SAW) wace sadaka ce ta fi, aka ce masa ruwa, sai ya haƙa rijiya da sunanta. In ƙauyen na fama da ruwa ni shawarata kenan. Kuma kafin komai ku bincika ko akwai bashi a kanta, ko na adashin nan ne, a biya.

Yar_Damagaram:
Allahu akbar, ina karantawa ina hawaye don kamar tawa kakar kike faɗa. Ita daddawa take yi, ta kalwa, kuma ita ma haka take lissafi, ta ce shekarar El Buhari, yunwar 1984 da aka sha nan Nijar, ta sayar da tasoshinta na ɗaki ɗaya bayan ɗaya ta sayi hatsi don kada a watse, kuma ba ta taɓa faɗa mana da bakinta ba, wajen ƙanwarta muka ji bayan ba ta.

Shi ya sa nake ce miki yaya ki yi sauri ki je wajen sa'o'inta da suka rage, ƙannenta, kishiyoyinta in akwai, matan da suke adashi tare, ki kunna rikoda a wayarki ki ajiye gefe ki bar su su yi ta zuba kada ki katse su. Za ki ji abin da ba ki taɓa sani ba, waƙar da take yi in tana niƙa, sunan iyayenta da kakanninta, daga ina suka taso. Mu har tatsuniyoyinta muka sa yayarmu ta maimaita, yanzu in na ce ga ta nan ga ta nanku yarana da gudu suke zuwa, su ce ta Kaka za a yi ta Gizo da Ƙoƙi. Tsofaffin nan tafiya suke, in kin jinkirta ba wanda za ki tambaya.

Baban_Khalifa:
Allah ya gafarta mata. Rijiya abu ne mai kyau amma ku yi da lissafi, na ga famfon tuƙa-tuƙa da yawa da aka yi don mamaci, shekara ɗaya ya lalace ba mai gyara. Ku ware kuɗin gyara tun yanzu ku damƙa amana hannun mai unguwa ko liman.

Amma ni abin da ya fi damuna shi ne gidan. Tsohuwa ita ce ke tara mutane, ranar Sallah kowa gidanta, da ta kwanta dama sai ka ga an shekara ba a haɗu ba sai a biki ko gaisuwa. Ku tsayar da rana, ko washegarin Sallah ce, a taru a gidan kamar tana nan. Kuma ƙawayenta da take aika wa ƙuli-ƙuli da goro kada aike ya yanke, akwai hadisi a kan sada zumunci da abokan iyaye bayan sun rasu.

Jikar_Inna:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri, ya jiƙan naku su ma. Malam maganar bashi ta taɓa ni, na kira uwar adashin ta ce akwai sauran zubi a kanta, yau ƙanena zai kai. Na tura shawarar rijiya gurup kuma har kawunmu mai cewa sai an yi arba'in ya amince. Ƙanwar Inna tana nan da rai a Dawakin Tofa, ranar Asabar in sha Allahu zan je mata da wayata. Wanda ya san nawa ake haƙa rijiyar kankare yanzu a wajen Kano dan Allah ya faɗa min.