Wace ce tsohuwar nan mai ƙwal-kwabo da nake gani a shagunan littattafai?

Ɗaliba_a_Kyoto:
Salamu alaikum jama'a. Wata huɗu ke nan da zuwana Kyoto, a ƙasar Japan, karatu. Kusan duk shagon littattafan da na shiga sai na ci karo da hoton wata tsohuwa, kanta a aske tas, tana dariya har da kyakkyatawa. Na tambayi dattijuwar da nake haya a gidanta. Ta ajiye kofin shayinta ta ce sunanta Setouchi Jakucho, marubuciya ce kuma mai zuhudu a addinin Buddha, mata na matuƙar sonta. Sai ta rage murya ta ƙara da cewa ai a ƙuruciyarta ta gudu ta bar mijinta da ƙaramar 'yarta. Abin ya tsaya min a rai. Ta yaya mace mai irin wannan tarihi ta zama wadda ake zuwa neman nasiha wurinta? Don Allah wanda ya san ta ya warware min.

Malamin_Adabi:
Wa alaikumus salam 'yata. Maganar dattijuwar gaskiya ce. An haife ta a Tokushima a 1922, Harumi ne sunanta na yanka, mahaifinta yana sayar da kayan ibadar Buddha. Ta yi aure a 1943, ta bi mijin Beijing, can ta haihu. Bayan yaƙi suka dawo, ta tarar mahaifiyarta ta rasu a ruwan bama-baman da Amurka ta yi wa garinsu a 1945. Daga nan ta kamu da son wani ɗalibin mijinta, ta fice daga gidan. Saurayin ma ba su daɗe ba.

Rubutu ta kama don ta ci abinci. A 1957 ta fitar da wani labari da ya bayyana sha'awar mace ƙarara, masu sharhi, galibinsu maza, suka yi mata ca, suka ce batsa ce, suka laƙaba mata suna "marubuciyar mahaifa". Shekara biyar manyan mujallun adabi suna rufe mata ƙofa. Ba ta daina ba, a 1963 ta ci kyautar adabin mata. Tana tsaka da suna da kuɗi, a 1973, tana da shekara 51, ta je haikalin Chusonji aka aske mata kai, ta shiga ɗariƙar Tendai. Nan aka ba ta suna Jakucho, wato mai sauraro cikin natsuwa.

Maman_Biyu:
Malam, a yi haƙuri, ni dai wannan bai kwanta min ba. Yarinyar da ba ta kai shekara biyar ba fa! Aski ba ya mayar wa yaro da uwarsa. Ko wane irin littafi ta rubuta, wannan tabon yana nan.

Anti_Mai_Karatu:
Maman Biyu, ita kanta ba ta musa miki ba. Har ta tsufa tana faɗa a bainar jama'a cewa barin yarinyar nan shi ne abin da ta fi nadama a rayuwarta, kuma daga baya sun shirya da 'yar. A ganina shi ya sa mata suka riƙa tururuwa wurinta. Wadda mijinta ya ci amanarta, da wadda ita ce ta ci amanar, duk sun san ba za ta ɗaga musu hanci ba.

Abin da ya ja ni gare ta shi ne matan da ta zaɓa ta rubuta tarihinsu. Akwai Ito Noe, wadda ta riƙe mujallar mata ta Seito, 'yan sandan soja suka kashe ta a 1923 bayan girgizar ƙasar Kanto, tana da shekara 28. Akwai Kanno Suga, 'yar jarida kuma 'yar gwagwarmaya, da aka rataye a 1911. Matan da ake jin kunyar ambaton sunansu, ita ta zauna ta bi sawunsu ɗaya bayan ɗaya.

Sannan babban aikinta: ta mayar da Labarin Genji, wanda wata mace, Murasaki Shikibu, ta rubuta shekara dubu da suka wuce, zuwa Japananci na zamani, juzu'i 10, ta kammala a 1998. Mutane sun saba kallon Genji, kyakkyawan yarima mai yawan 'yan mata. Ita kuwa ta ce a dubi matan, da yawansu sun ƙare da aske kai, domin a wancan zamani ita ce kaɗai ƙofar da mace za ta bi ta kuɓuta daga hannun namiji. Kin ga wadda ta bi ƙofar da kanta ce ke magana.

Kuma kada ki ɗauka zuhudun ya sa ta yi laƙwas. Nama tana ci, giya tana sha, ba ta ɓoyewa (a nan kam ni da ita mun raba hanya). A 1991 ta yi yajin cin abinci kan yaƙin Tekun Fasha, ta ɗauki magunguna ta kai Iraƙi. A 2012, tana dab da cika 90, ta shiga wani yajin a Tokiyo kan tashoshin nukiliya. Ta rasu a Kyoto a Nuwamban 2021, tana da shekara 99.

Ɗaliba_a_Kyoto:
Na gode Malam, na gode Anti. Maman Biyu, gaskiya ni ma ɓangarenki zuciyata ta fi karkata har yanzu. Na karanta wa dattijuwar amsoshinku da daddare, da gurguwar fassarata. Da na kai maganar 'yar sai ta yi shiru, ta tashi ta ƙara ruwa a buta. Ta ce ranar Asabar za ta raka ni Sagano in ga unguwar da gidan Jakucho yake.