Muhawara: Ambaliyar Kogin Haɗeja da Maganar Tawakkali

Ɗan Auyo a Kano: Assalamu alaikum. Jama'a, raina a ɓace yake. Tun farkon damina nake roƙon baffana da ke ƙauyenmu a bakin Kogin Haɗeja ya kwashe hatsin rumbu ya kai gidan 'yarsa a kan tudu, ya kuma tura yara can kafin watan Agusta, domin kowa ya ga abin da ya faru a 2022, lokacin da ambaliya ta hallaka fiye da mutum 600 a Najeriya, Jigawa kuwa tana cikin jihohin da suka fi jin jiki. Amsarsa ɗaya ce, wai abin da Allah ya rubuta babu mai kankarewa. Har ya ce imanina ne ya yi rauni, tunda hasashen NiMet, hukumar kula da yanayi ta Najeriya, ya hana ni barci, shi kuwa yana kwana lafiya. Ni a wurina wannan ba tawakkali ba ne, jahilci ne.

Malamin Islamiyya: Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, ka janye kalmar jahilci. Ƙanin mahaifi uba ne, kuma ba a kiran uba jahili a bainar jama'a ko da ya yi kuskure.

Ɗan Auyo a Kano: Allah ya gafarta Malam, ban ce shi jahili ne ba, aikin na kira jahilci.

Manomin Fadama: Duk ɗaya ne. Ku da kuke zaune a birni kuna ganin kogin a waya, mu da muke dasa shinkafa a cikinsa mun san hawansa da saukarsa tun kuna goye. Dattijon da ya share shekaru yana fita aikin gayya, yana cika buhu da ƙasa ana ɗaga jinga har tsakar dare, shi ne za a ce bai san ruwa ba? Kuma wa zai tsare masa gida da dabbobi idan ya tashi?

Hajiya daga Maiduguri: Ɗana, zafin kalmarka ya yi yawa, amma tsoronka yana kan hanya. A watan Satumbar 2024 da madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, ruwa ya same mu cikin dare, kuma tsofaffinmu sun ga irinsa a 1994, amma hakan bai sa mun tanadi ko jakar takardu da magani ba. Mun fita da addu'a a baki, ita ce ta riƙe zukatanmu a sansani, sai dai takardun makarantar jikokina da na fili sun tafi. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce wa mai raƙumi ya ɗaure shi sannan ya dogara ga Allah. Yau ina da jaka a rataye kusa da ƙofa, kuma tun da na haɗa ta na fi samun barci.

Malamin Islamiyya: Hajiya, hadisin yana cikin Tirmizi. Sayyidina Umar ma ya juya daga hanyar Sham saboda annoba, ya ce daga ƙaddarar Allah suke gudu zuwa ƙaddarar Allah. Amma wanda bai aikata da wannan ba, sakaci za a ce ya yi, domin jahilci rashin sani ne, dattijon kuwa ya sani.

Ɗalibin Jami'a: To ai Malam ka ƙara nauyin laifin ke nan, domin wanda ya sani ya ƙi ya fi wanda bai sani ba laifi.

Malamin Islamiyya: Kai yaro, ba a koyon fiƙihu a ɗakin lacca. Ka bari manya su gama.

Manomin Fadama: Ku bar talaka ya sarara. Idan ana neman mai sakaci, a tambayi masu sakin ruwan madatsun Tiga da Challawa, a kuma tambayi dalilin da ya sa ciyawar kachala ta toshe hanyoyin ruwa shekara da shekaru har kogi ya koma bi ta gonaki.

Ma'aikacin Gwamnati: Kawo hujjar cewa sakin ruwan madatsa ne ya cinye gonarka, ba ruwan sama ba. Gwamnati tana sanarwa a rediyo, ku ne ba ku tashi.

Manomin Fadama: Hujjata ita ce gonata. Sanarwa kuma ba ta ba mutum filin da zai koma. Da ma an san inda albashinka yake fitowa.

Ɗan Auyo a Kano: Don Allah, ni tambayata ita ce yadda zan shawo kan baffa kafin ruwa ya iso.

Malamin Islamiyya: Bari in taƙaita. Jama'a sun haɗu a kan cewa kalmar jahilci kuskure ce, kuma ya wajaba mai ita ya nemi gafarar baffansa. An kuma fahimci cewa kwanciyar hankalin dattijon alama ce ta yaƙini, yawan sauraron hasashe kuwa yana jawo waswasi. Batun kwashe hatsi abu ne mai kyau idan ya samu sarari.

Hajiya daga Maiduguri: Malam, ban haɗu da kowa a kan haka ba, kuma ba haka na faɗa ba. Ɗana, ka je ka sami limamin garinku ya yi wa baffanka magana bayan sallar Juma'a, kai kuma ka ɗauki nauyin kuɗin amalanke, ka fara da yara da takardu.